Wane suna za mu ba "spiracle" na ɗan kwaɗo?

Jama'a, a taimaka. Darasin kimiyya nake shirya wa ɗalibanmu a Agege, kan kwaɗon bishiya na kurmin kudancin Nijeriya da Kamaru, wanda masana ke kira Chiromantis rufescens.

Haihuwarsa ba ta ba ni wahala ba. Da damina macen kan hau reshen da ya sunkuyo kan kududdufi, ta fitar da wani ruwa mai yauƙi, ta yi ta buga shi da ƙafafun baya har ya zama kumfa, ta zuba ƙwai a ciki. Sau da yawa namiji fiye da ɗaya ke tare da ita. Bayan kumfar ya bushe ya yi ɓawo, cikin yana nan da danshi. Kwanaki kaɗan 'ya'yan su zubo cikin ruwa. Wannan na sa masa "sheƙar kumfa", ba wanda ya ja.

Inda na tsaya shi ne jikin ɗan kwaɗon, tun yana mai wutsiya. Ruwa yake zuƙa ta baki, ruwan ya ratsa gaɓoɓin numfashinsa irin na kifi da fata ta rufe, sannan ya fice ta wani ɗan bututu guda ɗaya tak a gefen hagu. Bututun nan Turawa ke kira spiracle.

Wani malami daga Idi-Araba ya ce a kira shi "hancin gefe". Allah ya gafarta Malam, ban yarda ba. Ɗan kwaɗo yana da ƙofofin hancinsa na gaske a saman baki, sai mu rikita yara. "Ƙofar numfashi" kuma ta yi faɗi, ga shi ƙofa ana shiga ana fita, nan kuwa fita kaɗai ake yi.

Shawarar wani dattijo a Mile 12 ce ta kwanta mini: "indararo". Gajeren bututu, ya ɗan turo waje, aikinsa zubar da ruwan da ya gama wucewa. Sifa ta zo daidai, aiki ya zo daidai. Baba, Allah ya ƙara girma.

An ce yaran Legas ba su taso a gidan soro ba, ba su san indararo ba. Gaskiya ne, amma spiracle ɗin ma ba su san shi ba, gara su koyi tamu. Gobe "indararon numfashi" zan rubuta a allo, tare da zanen ɗan kwaɗon ta gefen hagu.