Ƙanena ya yi karo da kai wurin balo, ya buga Lahadi ko a'a?

Ɗan Bilbis:
Salamu alaikum ƴan uwa. Jiya da marece ƙanena mai shekara 14 suna maci na gasar bakans nan Tawa, sun tashi sama shi da wani yaro za su sa kai sai kawunan suka haɗu ƙau! Bai suma ba, ya dai yi zaune, aka zuba mishi ruwa ya tashi ya ida wasan. Amma da muka komo gida sau ukku yana tambayata wa ya ci, alhali shi ya sa na biyun. Yau kuma ciwon kai, ya ce hasken talho na damunshi. Lahadi suna da dami-final, koci ya ce in ya ji sauƙi ya zo, Inna ta ce ba inda za shi. Mi kuka gani?

Tsohon Gola:
Tunda bai suma ba ai da sauƙi. Mu lokacinmu ruwan sanyi ne da "tashi namiji". Ka tuna Sadio Mane na Senegal a CAN, gasar kofin Afirka, ta Kamaru, Janairu 2022, ya yi karo da golan Cap-Vert ya tashi ya ci, bayan kwana biyar ya buga da Gine Ekwatoriyal, har kofi suka ɗauka.

Majo:
Babban yaya da girmanka amma nan kam ban bi ka ba. Manen da ka ce bayan ya ci ai kwantawa ya yi cikin fili aka fidda shi sai asibiti, kuma an yi ta sukar barin shi da aka yi ya ci gaba. Wancan babba ne da lokotoro kewaye da shi, wannan yaro ne ƙwaƙwalwarshi ba ta ƙare girma ba.

Ɗan Bilbis, maimaita tambayar nan ita ce alama, ƙwaƙwalwa ce ta girgiza cikin ƙoƙon kai, kuma mafi yawan masu wannan ba su suma ko kaɗan. Kramer na Jamus a final ta kofin duniya ta 2014, bayan ya sha bugu a kai, da ƙafarshi yake yawo har ya tambayi arbit ko wannan final ce. Ka kai shi likita yau a duba shi. In ka ga amai ya maimaitu, ko ciwon kan na ƙaruwa, ko barci mai wuyar tashi, farfaɗiya, ganin biyu-biyu, ciwon wuya, hannu ko ƙafa ba ƙarfi, to kada ku jira safiya ko tsakar dare ne. Ko an yi sikanar ta fito lafiya ba shi ke nan ba, ita jini take nema, girgizar ba ta nunawa. Ciwon kai a ba shi parasetamol, kada a ba shi aspirin.

Kwana ɗaya zuwa biyu ya huta, a rage talho da tele, amma ba rufe shi za a yi cikin ɗaka ba. Daga nan tafiya a hankali, sai ɗan gudu, sai taɓa balo shi kaɗai ba sa kai, sai antirenma ba gogayya, sannan da gogayya in lokotoro ya yarda, maci shi ne na ƙarshe. Kowane mataki aƙalla awa 24, in ciwon ya taso a tsaya a sake gwadawa gobe. A Ingila ƙa'idar da suka fitar a 2023 don wasannin unguwa ta ce ba maci kafin kwana 21. Abin tsoro shi ne bugu na biyu tun na farko bai warke ba, ƙwaƙwalwa na iya kumbura, an rasa yara ta haka.

Madam Wadata:
Ni malamar lakwal ce, ku lura da karatunshi ma, sai ya iya zama ya yi karatu kai bai sara ba sannan a yi zancen maci. Kuma ku ɓoye makullin moto, kokowar bayan gida ma a hana, don yaran nan ƙarya suke yi su ce sun warke saboda kada a ba wani lambarsu.

Tsohon Gola:
To Majo na ji. Amma dami-final fa ce wallahi, sai koci ya yi kuka.

Ɗan Bilbis:
Mun je mun dawo, lokotoro ya ce Lahadi ba zance, mu komo sati mai zuwa. Na kira koci ya ce ya zo ko banci ya zauna, Inna ta ce har zanen da ta ɓoye takalman cikinshi ba mai taɓawa. Majo, zama bakin fili cikin rana da ganguna ba matsala?