Wane suna za mu ba akwatin da ke tsakanin sabon rediyo da wayoyin mota?

Mai Wayarin:
Assalamu alaikum jama'a. Ana neman kalma ɗaya da za a tsaya a kanta saboda yara masu koyon aiki. Idan aka cire rediyon da mota ta zo da shi daga kamfani za a sa mai allon taɓawa, akwai ɗan ƙaramin baƙin akwati da ake sawa tsakanin wayoyin motar da na sabon rediyon. A jikin kwalinsa ana rubuta "interface" ko "CAN bus decoder". A bakin aiki kuwa kowa da nasa: wani ya ce kanbas, wani dikoda, wani adafta. Shi ne ke sa maɓallan sitiyari da amfilifayar kamfani da ƙarar gargaɗin ƙofa su ci gaba da aiki bayan an canza rediyo. Ni na fi karkata ga adafta, tunda ba wanda bai san ta ba. Me kuka gani?

Baban Garej:
Wa alaikumus salam. Ɗana, adafta ba za ta yi ba, kuma dalilin shi ne wanda ka kawo: kowa ya san ta, kowa kuma da abin da yake nufi da ita. A aikin nan kaɗai abu huɗu ake kira adafta. Akwai ta soket, akwai ta eriya, akwai ta USB, akwai mai rage wa kyamara wuta. Ka aiki yaro ya sayo adaftar mota kaza, da wuya ya dawo da abin da ya wuce ta soket, wadda ba komai a cikinta sai waya zalla.

Ita ta soket aikinta ɗaya ne, ta hana ka yanka wayoyin mota. Gefe ɗaya ya shiga soket ɗin kamfani, ɗaya gefen ka haɗa shi da wayoyin rediyo launi da launi. Rawaya wutar batir ce da ba ta yankewa, ita ke riƙe agogo da tashoshi. Ja ta makulli ce. Baƙa ta jikin ƙarfen mota. Shuɗiya mai farin layi ita ke tada amfilifaya, ruwan lemo kuma ta hasken dare. Na lasifika guda takwas ne: fara gaban hagu, ruwan toka gaban dama, koriya bayan hagu, shunayya bayan dama, kowace da 'yar'uwarta mai baƙin layi wadda ita ce nagetif. A motar da wayoyin nan duka suke nan a bayan rediyo, ita kaɗai ta isa. A wadda babu su, za ka haɗa komai daidai, ka murɗa makulli, allo ya ƙi kawo wuta. To abin da ke raba waɗannan biyun shi ya kamata sunan ya nuna.

Injiniya Mai Mita:
Baba ya yi gaskiya. Kanbas ma a cire ta, don sunan abin da ke jikin motar ne, ba na akwatin ba. CAN hanya ce da Bosch ya fitar a 1986: waya biyu a murɗe da juna, ta sama da ta ƙasa, da ƙwaƙwalen mota, wato ƙananan kwamfutocinta, ke aika wa juna saƙo a kai. A layin mai sauri, in ba saƙo dukansu suna zaune a bolt 2.5, in saƙo na wucewa ɗaya ta hau wajen 3.5 ɗaya ta sauka wajen 1.5. Ƙarshensa biyu kowane da razista, wato ɗan abin da ke rage gudun wuta, mai om 120, shi ya sa in ka cire batir ka auna tsakaninsu mita ke nuna om 60.

A motoci da yawa, irin su Volkswagen masu soket ɗin Quadlock da na General Motors, babu jar wayar makulli a bayan rediyo kwata-kwata. Rediyon kamfani yana da wutar batir kullum, sai ya jira saƙo ya zo masa cewa an murɗa makulli. Haka ma an kunna fitila, an sa ribas, an ja birkin hannu, gudun mota kaza, an danna ƙara murya a sitiyari: duk saƙonni ne a kan layin saƙon motar. Sabon rediyo ba ya jin wannan yaren. Shi bolt 12 yake jira a kan waya daban-daban. Akwatin da muke magana shi ke sauraron motar ya mayar wa rediyo da abin da zai gane.

Saboda haka ni shawarata a ce masa tafinta. Yana jin yaren mota, yana jin na rediyo, kuma in ya bar wurin ba mai fahimtar wani.

Ɗan Sauti:
Injiniya, kalmar ta yi daɗin baki, amma ina da ja a wuri biyu. Na ɗaya, tafinta magana kawai yake mayarwa, wannan kuwa har wuta yake fitarwa. Shi ke ba da bolt 12 ɗin da ke kunna rediyo, a wasu motocin ma yana da ɗan lasifikarsa da ke yin ƙarar gargaɗin ƙofa da ta fitila, tunda a da ta cikin rediyon kamfani ƙarar ke fita. Na biyu, ba kowane maɓallin sitiyari ne ke magana da saƙo ba. A tsofaffin Toyota da Honda da Nissan da yawa, maɓallan jere ne na razista: kowane maɓalli ka danna, ƙimar om ɗin da ke tsakanin wayar da nagetif ta canza. Rediyo mai Android yana da wayoyi biyu da aka rubuta wa KEY1 da KEY2, ka haɗa su kai tsaye da wayoyin maɓallan sitiyarin, ka haɗa wayar sitiyarin ta uku da nagetif, ka shiga saiti ka koya masa maɓalli ɗaya bayan ɗaya. Nan ba wani akwati. Ni da za a bi tawa, mai shiga tsakani za a ce, ko dillali.

Malam Alƙalami:
Ɗan'uwa, hujjarka ta biyu ai goyon bayan Injiniya ce. Inda rediyo ke iya karanta razista da kansa ba a buƙatar tafinta, kuma sunan da kansa ya gaya wa yaro haka. Amma ka lura, rediyoyin Pioneer da Sony da yawa ba sa karanta razistar mota kai tsaye yadda mai Android ke yi. Suna da rami mai milimita 3.5 a baya da suke jiran nasu tsarin, Kenwood da JVC kuma waya ɗaya ce shuɗiya mai rawayan layi. Ga su galibi sai an sa akwatin ko da motar ta razista ce, kuma aikin da yake yi a nan ɗin ma mayar da magana ne daga wani tsari zuwa wani.

Ta fuskar harshe, mai shiga tsakani ya yi tsawo, kuma ba ya ɗaukar ɗafi. Gwada cewa "mai shiga tsakanin sitiyari", za a tambaye ka sitiyari da wa. Dillali kuwa in ka faɗa a garejin mota, mutum za a nemo maka. Mafassari daidai ne amma ya yi kama da aji, ba mai faɗarsa da sukudireba a hannu. Tafinta yana lanƙwasuwa yadda ake so: tafintan sitiyari, tafintan amfilifaya, jam'insa tafintoci. Har matsalarsa ma tana faɗuwa da sauƙi, a ce tafintan bai ji yaren motar ba.

Injiniya Mai Mita:
Madalla, Malam. Kuma wannan jimlar ta ƙarshe ita ce rabin matsalolin da ake kawowa. Kowane kamfanin mota da yadda yake tsara saƙonninsa, wani lokaci ma mota ɗaya shekara biyu a jere ba su yi daidai ba. Don haka akwatin sai an gaya masa motar da yake ciki, kuma hanya uku ake bi. Wasu, irin na kamfanin PAC, suna da 'yan ƙananan makunnai ko abin murɗawa a jiki da za ka saita bisa takardarsu kafin ka jona wuta. In ka saita bayan ka jona, sai ka cire ka mayar kafin ya ɗauka. Wasu, irin iDatalink Maestro, sai ka haɗa su da kwamfuta ko waya ka zuba musu manhaja bayan ka zaɓi motar da shekararta da samfurin rediyon. Na uku su ne waɗanda ke zuwa tare da rediyo mai Android, irin Raise da Hiworld da Simple Soft. Su a cikin saitin kamfani na rediyon ake zaɓa, kuma sunan wanda ya ƙera akwatin ake fara zaɓa, sannan motar. Mutane da yawa suna zaɓar motar daidai a ƙarƙashin sunan wani akwati daban, sai maɓallan su yi shiru, ko hoton ƙofa ya nuna ta hagu a buɗe alhali ta dama ce.

In an tabbatar saiti daidai ne kuma har yanzu shiru, a duba wayoyin CAN biyun ko an juya su. Juya su ba ya ƙona komai yawanci, amma ba saƙon da zai wuce.

Game da wutar da Ɗan Sauti ya ambata, a kiyaye: jar wayar da ke fita daga akwatin ba ta da ƙarfi sosai, an yi ta ne don ta tada rediyo. Kar a rataya mata caja da kyamara da fitilun ado. In ana son ƙarin kaya a kanta, a sa rile, wato makunnin da ƙaramar wuta ke tadawa, a ɗauko wutar daga batir ta fis.

Baban Garej:
Ni na yarda da tafinta. Bari in ƙara abu biyu da ya kamata su shiga takardar yaran, tunda su ne ke dawo da mota garej.

Batir. Mota mai CAN tana yin barci bayan an kashe ta an rufe ƙofofi, wata cikin 'yan mintoci, wata sai ta kai rabin awa. Tafintan da bai dace ba, ko wanda aka saita ba daidai ba, yana iya hana ta barcin, ko ya bar rediyo a kunne allo kawai ya mutu. Kafin a mayar da murfin dashbod a gwada: a sa mita a layi tsakanin kan batir na nagetif da wayarsa, a rufe komai, a jira. In ta kwanta, abin da take ja bai kamata ya wuce miliamfiya 50 ba. In ka ga amfiya ɗaya cur, lissafin mai sauƙi ne, batir mai amfiya-awa 60 zai zubar da rabinsa cikin awa 30. Sannan a tsofaffin Volkswagen masu soket ɗin ISO, gurbin wutar batir da na makulli a juye suke. In rediyo na manta tashoshi duk lokacin da aka kashe mota, rawaya da ja ne ke son a musanya.

Na biyu jakar iska. A cire kan batir na nagetif kafin a fara. Duk soket mai launin rawaya da ka gani a bayan dashbod ba naka ba ne, kar mita ta kusance shi. A motoci da yawa fitilar da ke nuna jakar iskar fasinja a jikin murfin da ke kewaye da rediyo take. In ka murɗa makulli don gwaji alhali soket ɗinta a cire yake, motar za ta ajiye laifi ta kunna fitilar gargaɗi, kuma a wasu ba ta mutuwa sai an sa na'urar bincike an goge. A mayar da soket ɗin tukuna, ko da murfin yana reto, sannan a gwada.

Mai Wayarin:
Na gode Baba, na gode Injiniya. Na sauka daga kan adafta. Za a rubuta tafinta ga akwatin mai ƙwaƙwalwa, ta soket kuma a ce mahaɗin waya. To ɗan abin nan na kyamarar baya fa, shi ma tafinta ne?

Ɗan Sauti:
A'a, shi ba ya jin komai, wuta kawai yake ragewa, a bar shi a mai rage wuta. Kyamarorin kamfani da yawa, musamman na Toyota, bolt 6 suke ci, kuma daga tsohon rediyon suke samunsa. Ka cire rediyon ka ba ta 12 daga wayar ribas, ta ƙone, wani lokaci nan take. Mai rage wutar yana karɓar 12 ya fitar da 6, hoton kuma ya tafi ta rawayan kan RCA. In hoton ya zo ba launi ko yana birgima, a duba saitin rediyon, yawancin kyamarorin nan tsarin hoton NTSC suke bi. Wasu sabbin motoci kuwa kyamararsu ta dijital ce, ba ta shiga RCA sai da akwati mai juya hoton, wannan kam ya cancanci sunan.

Na bi jama'a a kan tafinta, amma a rubuta wa yaran cewa ba ɗaya ba ne, kar su ɗauka wanda ya tada sitiyari zai tada sauti. Motar da ta zo da kayan sauti na JBL ko Bose tana da amfilifaya a ɓoye, ƙarƙashin kujera ko a but. Wata shuɗiyar waya mai farin layi ta ishe ta, wata sai an aika mata saƙo kafin ta farka, kuma ta saƙon ake daidaita sautin gaba da baya. In aka tura wa wadda ke jiran ƙaramin sigina wutar lasifika kai tsaye, murya za ta yi ƙarfi tun a mataki na uku ko huɗu, ga shuuu a ƙasa ko an kashe waƙa. A BMW da Mercedes da Audi na wasu shekaru kuma sautin ta zaren haske yake tafiya, tsarin MOST, a zobe. Ka cire rediyo ka bar zoben a buɗe, duk abin da ke kansa ya yi shiru. Can sai an sa tafintan zaren haske na musamman, ko a tsallake amfilifayar a ja sabbin wayoyi zuwa lasifiku. Kuma zaren nan ba a lanƙwasa shi sosai, in ya karye a ciki ba za ka gani daga waje ba.

Injiniya Mai Mita:
Haka ne. A ƙara eriya a takardar kafin a buga. Motocin Turai masu soket ɗin Fakra galibi eriyarsu tana da ƙaramar amfilifaya da ke shan wuta ta cikin wayar eriyar kanta. Mahaɗin da za a saya ya zama mai shuɗiyar waya a gefe, a haɗa ta da shuɗiyar rediyo. In aka sa marar wayar, FM zai kama tashoshin kusa kawai, AM kuwa ba za a ji komai ba sai ƙara.