Wa ya taɓa shiga Gidan Makama? Ku zo mu ji

Ɗan Fagge:
Salam jama'a. Haihuwar Kano ne ni, kullum sai na wuce Gidan Makama, gidan adana kayan tarihin Kano, a adaidaita amma ban taɓa leƙawa ba sai Asabar ɗin nan da na raka Baba. Wallahi a gaban hoton dalar gyaɗa muka fi daɗewa, ya ƙi gaba, wai mahaifinsa dako ya yi a wajen, buhu a ka ana hawa kamar matakala, har ya cire hularsa yana nuna min yadda ake naɗa gammo. Ya ce tunda layin dogo ya iso a 1911 gyaɗa ta zama ita ce kuɗi, su Alhassan Ɗantata na saye ana lodi zuwa Ikko, sai fari ya zo, cuta ta bi gonaki a 1975, ga kuɗin fetur, shikenan aka watse. Wa ya taɓa zuwa?

Maman Ilham:
Ni 'yan ajina na kai. Ɗakin amarya ne ya tafi da 'yan matan, wata ta ce Anti ina kabad ɗin? Na ce jeren nan shi ne kabad, shi ne kuma bankin uwar ɗaki. Da zancen wuri, wato kuɗin da, ya taso sai na shiga lissafa musu anini, kwabo, sisi, sule, fam, basu san ko ɗaya ba, abin ya taɓa ni, ko naira ma ai 1973 ta zo.

Badamagare:
Daga Zinder na zo biki aka kai ni. Ƙyauren tsoffin ƙofofin gari na tsaya kallo, kakanmu fatake ne, ta irin su yake shigowa da kanwa ya sauka Kurmi ya koma da baƙin turkuɗi. Jirgin ƙasa ne ya juya kasuwa ta kalli kudu, ayarin raƙuma ya ja baya, mu ma can mun ji a jikinmu.

Baba Masaƙa:
'Ya'yana ku kuna kallon hoto, ni kaina kayan tarihi ne. Shekara 19 na yi a wata masaƙa a Sharaɗa, shif uku muke yi, in aka tashi kekuna sai sun toshe titi, yau kwado ne a get ɗin. Gidan da ya ga zamanin Rumfa, ya ga Turawa sun shigo a 1903, ya kamata a kai masa injin saƙa ko guda ɗaya. Katin aikina yana nan cikin leda, in ana so zan bayar.

Ɗan Fagge:
Allah Ya ƙara girma Baba. Na karanta wa Babanmu, ya ce in za ku kai katin a sanar da shi, zai zo da tsohon kayan aikin mahaifinsa da yake ajiye, wato igiyar ɗaurin buhu.