Shawarwarin masana kan gwajin ELFN1 da mGluR7

Ga abin da masana suka tsaya a kai game da yadda ELFN1 da mGluR7 ke sarrafa saƙo tsakanin ƙwayoyin jijiya, da yadda ake gwada hakan. A hifokamfus, wani sashe na ƙwaƙwalwa, furotin ELFN1 yana jikin ƙwayoyin jijiya masu sinadarin somatostatin, a ɓangaren da ke karɓar saƙo. Daga can yake kama mGluR7, furotin mai karɓar glutamet da ke jikin ƙwayar da ke aiko saƙo, ya riƙe shi a mahaɗar ƙwayoyin biyu, sai sakin glutamet, sinadarin da ke kai saƙon, ya ragu a bugun lantarki na farko. Shi ya sa saƙon ke ƙara ƙarfi idan bugu ya biyo bugu.

Don aunawa, a ba da bugu biyu da tazarar milisakan 50, a raba amsa ta biyu da ta farko. A ɓeran da aka cire wa ELFN1, wannan ƙaruwar tana raguwa.

Inda aka fi yin kuskure shi ne yawan kalsiyam a ruwan gwajin. A tsayar da shi daidai a duk gwaji, misali milimola 2, domin yawansa kaɗai yana sauya sakamakon. mGluR7 kuwa, idan za a motsa shi da sinadarin gwaji L-AP4, sai an sa mai yawa.