Wai da gaske mawaƙi ya taɓa sasanta ƴan siyasa?

Ɗan Fagge:
Salam jama'a. Jiya a shago wani yaro ya nuna min bidiyo a waya, Bob Marley a kan dandamali ya kamo hannun wasu mutum biyu ya haɗa a saman kansa, wai shugabannin jam'iyyu ne da ba sa ga maciji. Mawaƙi fa? Wanda ya san labarin ya ɗan warware mana.

Malamin Tarihi:
Wa'alaikumus salam. Haka aka yi, a Kingston ne babban birnin Jamaika, 22 ga Afrilu 1978. Firaminista Michael Manley na jam'iyyar PNP ne da madugun adawa Edward Seaga na jam'iyyar JLP. Lokacin unguwannin talakawa sun rabu gida biyu, kowace jam'iyya da ƴan dabarta masu bindiga, shi kansa Marley ai harbinsa aka yi a gidansa a Disambar 1976 saura kwana biyu ya yi wani wasa, ya hau ya yi wasan da rauninsa sannan ya tattara ya koma Landan. Kuma jagororin ƴan daban ɓangarorin biyu ne ma suka shirya taron waƙar na 1978 don neman zaman lafiya, Claudie Massop da Bucky Marshall.

Yar Zinder:
Malam ka faɗi rabi ka bar rabi. Ku sake kallon fuskokin nan biyu da kyau, kamar waɗanda aka ɗura wa maɗaci, kunyar jama'a ce kawai ta hana su fizge hannu. Massop ƴan sanda suka bindige shi a 1979, Marshall aka kashe shi a New York a 1980, zaɓen shekarar kuma mutum wajen 800 suka mutu. Wane sulhu?

Bala Mai Kaset:
Ni a daren nan mawaƙi Peter Tosh ne gwanina wlh, ministoci na zaune a gaba ya kunna wiwinsa ya tsaya yana musu wankin babban bargo a kan zaluntar talaka. Ba a yi wata shida ba ƴan sanda suka kama shi suka lakaɗa masa dukan kawo wuƙa.

Ɗan Fagge:
Ikon Allah. Na gode yallaɓai, na gode hajiya. Amma dai ko na awa ɗaya ne magoya bayan sun tsaya fili guda suna rawa ba wanda ya zaro bindiga. Namu mawaƙan kuwa kana ba su makullin mota su zage abokin hamayyarka har kakansa, zaɓe na wucewa su koma masa da sabon kiɗa.