'Yan hokin ƙanƙara da suka buga wasa ɗaya tak a NHL: ina matsalar take?

Sani_K:
Assalamu alaikum. Ina duba tarihin gasar NHL ta Amurka da Kanada, sai na ga 'yan wasa birjik waɗanda lissafinsu ya tsaya a wasa ɗaya ko biyar, daga nan shiru. Mutum ya sha wuya tun yana yaro har ya taka matakin ƙoli, a sallame shi bayan dare ɗaya? Rashin iyawa ne, ko akwai wata ƙa'ida da ban gane ba?

MaiLissafi:
Wa alaikumus salam, Malam Sani. Galibi ba rashin iyawa ba ne, gurbi ne babu. Ƙungiyoyi 32 ne, kowace na riƙe mutum 23 a babban jeri, 20 ke sa kaya ranar wasa: 18 da masu tsaron raga biyu. Amma an yarda mata ta ba da kwantiragi har 50. Yawancin ragowar suna ƙaramar gasa, AHL, suna jiran wani ya ji ciwo.

In an kira yaro, layi na huɗu ake jefa shi, wato rukunin ƙarshe na 'yan gaba. Zai samu kamar minti bakwai ko takwas cikin sittin, kowace shiga daƙiƙa 40 zuwa 45 ya koma benci. A wannan ɗan tsakanin ba ƙwallo koci yake nema a wajensa ba, so yake kada a ci su yana kan ƙanƙara. Ya zubar da fak (ɗan faifan robar da ake bugawa a matsayin ƙwallo) sau ɗaya a bakin layin shuɗi, wato iyakar yankin kowace ƙungiya, aka juyo aka ci, shi ke nan an gama karanta shi. Mai ciwo na warkewa, sai ya haɗa jakarsa.

Sai ƙa'idar da suke kira weba. Ɗan wasan da ya kwana biyu ba a mayar da shi AHL kai tsaye, sai an baje shi awa 24, duk ƙungiyar da ke so ta ɗauke. In ya tsallake, ana iya hawa da sauka da shi har sai ya buga wasa 10 ko ya cika kwana 30 a sama. Shi ya sa za ka ga an sauke mutum ana gab da cikawa, ko da yana ƙoƙari.

Hajiya_Raga:
Ƙari a kan na MaiLissafi, akwai wani wasa goman daban. Yaro ɗan 18 ko 19 mai kwantiragin farko, in bai kai wasa 10 ba, shekarar ba ta shiga lissafi, kwantiragin ya matsa gaba. To sai a ɗanɗana masa tara a mayar da shi. Wasu ba a sake waiwayarsu.

A ƙasan ma ba a barin mutum ya tsufa yana jira. Cikin 18 da ke sa kaya a AHL, dole 12 su kasance ba su wuce wasa 260 na ƙwararru ba. Gurbin tsofaffin hannu kaɗan ne, shi ya sa da yawa ke tafiya Turai.

Wani kuma lokaci ne ya ci shi. Brad Fast ya buga wa ƙungiyar Carolina wasa ɗaya a Afrilun 2004, ya ci ƙwallon da aka tashi 6-6 da Florida. Kakar 2004-05 gaba ɗaya aka soke saboda rikicin albashi, bai sake dawowa ba. A da abin ya fi tsanani, don daga 1942 zuwa 1967 ƙungiyoyi shida ne kawai. Don Cherry wasa ɗaya ya yi wa Boston a 1955, ya ƙare a ƙananan gasa. Larry Kwong kuwa, ɗan asalin Sin haifaffen Kanada, New York Rangers ta sa shi ranar 13 ga Maris 1948, ya yi kamar minti ɗaya. A ganina wannan ba batun gurbi ba ne, wariya ce, don a ƙaramar ƙungiyarsu yana cikin masu cin ƙwallo na gaba-gaba.

Dan_Benci:
Ɗan'uwa, ka ware masu tsaron raga na ko-ta-kwana, su ba sana'arsu ba ce tun farko. An saba ajiye mutum ɗaya a fili, in gololin ƙungiya biyu duk sun ji ciwo ya shiga, ko ta gida ce ko ta baƙi. Scott Foster akanta ne ɗan shekara 36, ya tsare wa Chicago minti 14 a Maris 2018, ya tare harbi bakwai duka. David Ayres, ɗan 42 mai tuƙa motar goge ƙanƙara, ya shigar wa Carolina a Fabrairun 2020, ya tare takwas cikin goma, suka doke Toronto 6-3. Jorge Alves, mai kula da kayan wasan Carolina, daƙiƙa 7.6 aka ba shi a ƙarshen 2016.

Sani_K:
Na gode ƙwarai. To wanda aka kira na kwana biyar, albashin NHL yake karɓa?

MaiLissafi:
Na kwanakin da ya yi a sama kawai, da rana ake lissafi. Yawancinsu kwantiragi mai fuska biyu gare su. A kakar 2024-25 mafi ƙarancin albashi a sama dala 775,000 ne a shekara, na yaro a ƙasa kuwa wajen kashi ɗaya cikin goma na wannan. Ranar da aka sauke shi, ranar lissafi ke komawa na ƙasa.