Neman shawara: lissafin buhu a kan katakon da aka jingina

Assalamu alaikum, iyaye da yayye na wannan zaure. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na lise a Marwa, ina shirin bakaloriya, kuma akwai tambayar fizik da ta hana ni barci kwana biyu. An ce buhun siminti mai kilo 50 yana zamewa a kan katakon da ya karkata da digiri 30, ma'aunin gogayya kuma 0.3 ne, a nemo yadda gudunsa yake ƙaruwa. Na ɗauki nauyinsa niyuton 490 (niyuton shi ne ma'aunin ƙarfi), tunda sinus 30 rabi ne, rabinsa 245 shi ke jan buhun ƙasa, na cire gogayya 147, na raba da 50, sai na samu 1.96. Malaminmu ya ja mini jan biro bai yi bayani ba. Don Allah ina kuskurena?

Malamin kimiyya, Garwa: Wa'alaikumus salam, 'yata. Farkon aikinki daidai ne, wurin gogayyar ne kika zame, domin kin ninka 0.3 da nauyin buhun gaba ɗaya kamar yana kwance a ƙasa shimfiɗaɗɗiya. Gogayya tana bin yadda buhun ya danne katakon ne, kuma da zarar katako ya karkata, ba dukan nauyin yake ɗauka ba. Tunda buhun ba ya nutsewa cikin katakon kuma ba ya tashi daga kansa, turawar katakon daidai take da 490 sau kosinus 30, wato kusan 424. Gogayyar ta zama 127, saura 118, sai doka ta biyu ta Newton, wato ki raba ƙarfin da ya saura da kilo 50, ta ba ki kusan 2.35. Ki riƙa zana kibiyoyin ƙarfi ukun nan, wato nauyi, turawar katako da gogayya, kafin ki taɓa kalkuleta. Ɗalibaina da suke tsallake zanen su ne suke faɗawa wannan ramin kowace shekara.

Yayarki, Njamena: Ƙanwata, ki gwada da hannunki. Ki ɗora bulo a kan katako, ki riƙa ɗaga gefe ɗaya a hankali har bulon ya motsa, sannan ki auna tsayin da kika ɗaga, ki raba shi da nisan da ke ƙasa. Abin da kika samu shi ne ma'aunin gogayyar tsayuwa. Za ki ga da ya fara tafiya ba ya sake tsayawa, saboda gogayyar abu mai zamewa ba ta kai ta abin da yake tsaye ba.

Tsohon direba, Ngaundere: Ban yi boko mai zurfi ba, amma shekarata da yawa ina sauka gangaren Falez da babbar mota zuwa Garwa. Idan ruwa ya jiƙa kwalta, gangaren bai canza ba, riƙon taya ne ya ragu, shi ya sa muke shiga ƙaramin giya tun daga sama.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Baba Malam. Na sake lissafin, 2.35 ya fito. To idan sama ake tura buhun, kibiyar gogayyar ƙasa za ta kalla ke nan, a haɗa 245 da 127?

Malamin kimiyya, Garwa: Haka ne, niyuton 372 za a tura da shi don ya hau da gudun da ba ya ƙaruwa kuma ba ya raguwa.